Ina Ƙarfin Birki Ke Tafiya a Le Mans?

Tambaya: Malam, na ji an ce motocin tseren awa 24 na Le Mans suna samun wuta daga birki. To me ya sa ake taƙaita musu amfani da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Idan direba ya taka birki a ƙarshen Mulsanne, doguwar miƙaƙƙiyar hanyar da ke filin tseren, ƙarfin da zai salwanta a zafi sai injin lantarki ya kama shi ya zuba a batir. Da dare za ka ga faifan birki ya yi ja wur. Wannan shi ne kason da bai shiga batir ba.

Audi R18 ce ta fara lashe gasar da irin wannan fasaha a 2012. Daga 2014, FIA (hukumar tseren motoci ta duniya) da ACO (ƙungiyar da ke shirya gasar) suka kasa motoci bisa makamashin da aka kama da za su iya amfani da shi a kowane zagaye, daga megajul (ma'aunin makamashi) 2 zuwa 8. Fasaha ta bunƙasa, kuɗi kuwa suka yi ta zuba har Audi ta fice a 2016, Porsche ta bi ta a 2017. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Shi ya sa aka ɗaure yanzu. Manyan motocin gasar rukuni biyu ne, LMH da LMDh. Motar LMH, irin Ferrari 499P, injin lantarkinta na ƙafafun gaba ba ya wuce kilowat 200, kuma sai gudu ya kai mizanin da aka gindaya yake turawa. Motocin LMDh duk na'ura iri ɗaya suke ɗauka a ƙafafun baya, mai kilowat 50. An kayyade jimillar ƙarfin injinan biyu a wajen kilowat 500; lantarki na shigowa, injin mai ya sassauta.