Fim ɗin ban tsoro da ba a nuna dodo: ina ƙarfinsa, ina rauninsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina muna haɗa gajerun finafinai a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Muna son yin na ban tsoro, amma ba irin wanda aka saba ba, mai aljani da farar hoda da jajayen idanu. Mene ne amfanin salon da ba a nuna dodo, kuma ina yake kayar da mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babban ƙarfin wannan salo shi ne mai kallo ne ke zana dodon da kansa. Duk kwalliyar da za ku yi wa ɗan wasa ba za ta kai abin da yaro ya ji tun yana goye ba game da maye, ko tsamiyar bayan gari, ko kangon da ba a shiga bayan magariba. Fim ɗin The Blair Witch Project na 1999 bai nuna mayyar ba ko sau ɗaya, 'yan wasa uku ne da kyamara a daji, amma ya tara kusan dala miliyan 250. Paranormal Activity na 2007 a gida ɗaya aka ɗauke shi da kimanin dala dubu 15, yawancin tsoronsa ƙananan abubuwa ne irin su ƙofa da ke motsi da dare. Don haka tsohon gidan ƙasa mai zaure da soro ya ishe ku.

Sai dai kuɗin da kuka rage a kwalliya, sauti zai cinye shi, kuma nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Irin wannan fim da kunne ake jin tsoronsa. Makirufon waya ba zai wadatar ba. Ku nemi na maƙalawa a riga, ku kai janareto nesa ku jawo wuta da doguwar waya, kuma a kowane ɗaki ku naɗi shirun wurin na minti ɗaya don cike gurbi wajen tacewa. In ba haka ba, duk inda aka yanka hoto sai a ji sautin ya canza, tsoron ya watse. Ku tuna kuma yawancin masu kallonku a waya za su gani, lasifikarta kuwa ba ta fitar da gurnani mai kauri. Takun takalmi, ƙarar ƙyauren kwano da numfashi sun fi fitowa.

Duhu ma yana yaudara. Kyamarar waya in haske ya yi ƙaranci sai hoton ya cika da ƙura-ƙura, YouTube kuma in ya matse shi baƙin ya farfashe. Ku ɗauka da haske isasshe, fitila ɗaya daga gefe, sannan ku rage shi a kwamfuta.

Idan kun zaɓi salon da ɗan wasa ke riƙe da kyamara, rawar hoto na sa wasu jiri, kuma dole a samu dalilin da zai hana shi jefar da wayar ya gudu. Mafi sauƙi: tocilan wayar ce kaɗai haskensa.

Raunin da ya fi damuna shi ne labari. Mai kallonmu ya saba malam ya zo ya yi ruƙiya, abu ya ƙone, hankali ya kwanta. In kun hana shi wannan, to ku ba shi ƙa'ida da zai bi: abin yana zuwa ne in an kira suna sau uku, misali, kuma kada ku karya ta. Fim mai tafiya a hankali ba tare da ƙa'ida ba gundura yake yi, mai sayen data kuma ba zai jira ba. Ku sa alamar farko ta abin tsoron cikin minti biyu na farko, ku tsaya a minti 10 zuwa 15, sannan ku gwada shi a waya ga mutum biyar da ba su san labarin ba kafin ku ɗora.