Ɗan faifan nan shuɗi da ya ƙone a cikin ekstenshan

Tambaya: Malam, bayan wata tsawa da aka yi, ekstenshan ɗin da nake jona kwamfuta da caja ya daina aiki. Na buɗe na ga wani ɗan faifai shuɗi mai ƙafa biyu ya tsage ya yi baƙi, an rubuta 14D471K a jikinsa. Kafasito ne? Zan iya cire shi in ci gaba da amfani?

Amsa: Ɗan'uwa, ba kafasito ba ne, amma ba ka yi nisa da gaskiya ba. Masu gyara suna ce masa MOV (Metal Oxide Varistor), wato abin da ke kare kayan lantarki daga tsallen wuta, kuma shi ya sha dukan da ya kamata kwamfutarka ta sha.

Kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa zinki oksaid ne, wani farin gari da ake cakuɗawa da ɗan bismut oksaid da su kobalt da manganis, a matse, a gasa a zafin da ya haura digiri 1000. A Japan aka gano dabarar, a kamfanin Matsushita wanda ya koma Panasonic, a ƙarshen shekarun 1960.

Abin da ke burge ni yana can ciki. In ka duba da madubin ƙara girma, za ka ga ƙananan ƙwayoyi a manne da juna kamar duwatsun gini. Kowace ƙwaya tana barin wuta ta bi ta cikinta, amma inda biyu suka haɗu akwai siririn shinge da ke tare wutar har sai ƙarfinta ya kai wajen bolt 3. Lambar 471 tana nufin bolt 470, ka ga ke nan shinge kusan 150 a jere daga wannan fuska zuwa waccan. Wutar gida mai bolt 230 ƙololuwarta 325 ne, ba ta iya keta su. Da zarar ta yi tsalle ta wuce iyaka, shingayen suna buɗewa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, rarar wutar ta bi ta nan.

Shingayen nan su suka sa yake taskance caji kamar yadda kafasito yake yi. Awon iya riƙe caji na tsantsar zinki oksaid bai wuce 8 da ɗan ɗoriya ba, idan aka ɗauki iska a matsayin 1. A faifan da aka gasa kuwa yakan kai ɗaruruwa, har ya haura 1000, domin kowane shinge tsakanin ƙwaya biyu ƙaramin kafasito ne. Shi ya sa ba a ɗora irin wannan babban a layin bayanai mai sauri kamar USB, zai shanye siginar.

Kada ka cire shi ka bar gurbin haka. In ka canza fis, wato ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa, wuta za ta dawo, amma babu sauran kariya. Zare ekstenshan daga soket, ka sa a maye faifan da mai lamba iri ɗaya. 14 ɗin faɗinsa ne a milimita.

Ko wanda bai tsage ba yana tsufa, don kowane duka yana raunana shingayen, wuta ta riƙa ɗiga, ya riƙa ɗaukar zafi. A cire ƙafa ɗaya a gwada da mita a wajen awon om, wato awon yadda abu yake tare wuta: mai lafiya ba ya nuna komai, wanda ya nuna ƙaramar lamba kuwa ya gama aiki.