Tambaya da Amsa: Na'urata tana sumewa bayan sa'o'i

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai da ƙaramar kwamfutar nan Arduino Uno, da allon OLED mai SSD1306 da ke nuna zafi. Sai ta yi sa'o'i lafiya lau, sannan rubutu ya hargitse ko ta sake tashi daga farko. Alhali manhajar Arduino ta nuna bayit 900 kawai na ci daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da shiri ke aiki da ita. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan 900 ɗin ce ta rufe maka ido. Ƙwaƙwalwar Uno, wato ATmega328P, RAM ɗinta bayit 2,048 ne kacal, kuma lissafin da manhajar ke nunawa na abin da aka ware tun kafin a kunna ne. Idan laburaren Adafruit kake amfani da shi, sai an kira begin(), umarnin da ke tayar da allon, yake yankar bayit 1,024 domin hoton allo mai 128 sau 64. Haɗa 900 da 1,024, ka ga saura 124.

A cikin ɗan wannan fili abu biyu ke cin iyakar juna. Hif, inda malloc (umarnin neman wuri a RAM) da String (ma'ajiyar rubutu mai canza girma) ke samun wuri, daga ƙasa yake haurawa. Istak, inda ayyukan da ake kira ke ajiye kayansu, daga sama yake gangarowa. Babu mai raba su. Da sun haɗu, ɗaya zai rubuta a kan ɗaya ba tare da gargaɗi ba.

String kuwa ya fi kowa ɓarna. Duk sanda ka liƙa masa ƙarin rubutu yakan nemi wuri mafi faɗi, ya bar tsohon a matsayin rami. A hankali ramuka su yi yawa, babu wanda ya isa, shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai an jima.

Ka fara da aunawa. Ɗebe __brkval, wato adireshin ƙarshen hif, daga adireshin wani canji (variable) da ke cikin loop(), ka riƙa turo sakamakon, wato filin da ya rage tsakanin hif da istak, zuwa kwamfuta ta Serial kowane minti. In yana raguwa ba tsayawa, akwai wurin da aka nema da malloc ko new da ba a mayar ba.

Sannan ka cire String gaba ɗaya, ka koma jerin haruffa na char mai tsayayyen girma tare da snprintf, umarnin da ke tsara rubutu a cikinsa. Ka tuna char[16] haruffa 15 yake ɗauka, gurbin ƙarshe na sifilin rufewa ne. Kuma %f, alamar snprintf ta lamba mai ɗigo, ba ya aiki a Uno, sai dtostrf. Kowane rubutu da ke cikin print ka sa shi a F(), ya zauna a filash, ma'ajiyar shirin, mai KB 32. Tunda lambobi kawai kake nunawa, laburaren U8x8 zai tuƙa allon ba tare da cin waɗancan 1,024 ba.

Amma ka kasa kunne: in na'urar tana sake tashi daidai lokacin da rile, wato makunnin da ke kunnawa da kashewa da lantarki, ya yi ƙas, to wuta ce, ba RAM ba. Raba wa rile nasa layin wutar tukuna.