Wanda za ku damƙa wa makullin manhajarku

Assalamu alaikum ƙanena. Na karanta tambayarka. Ka ce manhajar da kuka fara ku biyu, mai buɗaɗɗen tushe (wadda kowa ke iya ganin rubutunta ya kawo gyara), ta girma har ta fi ƙarfinku, kuma mutum biyar sun ce za su riƙe ta don Allah ba da albashi ba. Kana so ka sani ko ku jefa ƙuri'a, ko ku ɗauki wanda ya fi iya rubuta kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi. Mun bi wannan hanyar nan Damagaram, kuma mun sha wuya a kanta.

Tamu ƙaramar manhaja ce ta waya, don lissafin rumbunan tsimi na ƙauyukan wajen Mirya: buhu nawa ya shiga, tiya nawa aka auna wa wa, nawa ya rage kafin damina. Tana aiki ko babu rezo. Da aiki ya yi mana yawa, sai muka ɗauki wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya gama jami'a a nan. Abin da muke mako guda a kai, shi dare ɗaya ya ishe shi. Don murna muka ba shi komai a rana ɗaya: izinin haɗa gyara a GitHub (shafin da ake ajiye kod), kalmar sirrin sabar (kwamfutar da ke riƙe da bayanan aikin), har da makullin sa hannu na manhajar, wanda ke shaida cewa daga gare mu ta fito. Bai ci amanarmu ba. Aiki ya samu a Yamai, hidima ta taso masa, amsar saƙo ta koma mako-mako, daga baya shiru.

Ranar da na gane kuskurenmu, magatakardan wani rumbu ne ya zo shagona a kan kabu-kabu, duk ƙura a rawaninsa. Ya miƙo mini wayarsa, ya buɗe littafinsa na hannu kusa da ita, jimillar tiyoyi ba ta zo ɗaya ba, kuma mutanen garinsu sun fara yi masa wani kallo. A daren muka gyara kuskuren, amma muka kasa fitar da gyaran, domin Android ba ta karɓar sabon zubin manhaja a kan tsoho sai an sa masa hannu da makullin farko, makullin kuwa yana cikin kwamfutar da ke Yamai. Sai da muka yi wata uku muna jira. Bawan Allah nan ya koma alƙalami da takarda, mutuncinsa na lilo saboda sakacinmu.

Wadda ta ceci aikin daga baya wata malamar makaranta ce da ba mu taɓa sa ta a lissafi ba, don kod ɗinta kaɗan ne. Amma duk wanda ya kawo kuka a WhatsApp ita ke amsa masa. Kowane gyara sai ta gwada shi a wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ta ce irinta ce a hannun masu rumbu. Ita ta rubuta bayanin amfani da Hausa da Faransanci. Yau shekarunta suna tafiya a kan riƙon, ba mu sake kwana da fargaba ba.

Saboda haka kafin ka saurari abin da mutanen nan biyar suke cewa za su yi, buɗe tarihin aikin ka ga abin da suka riga suka yi. Wa ya duba gyaran wani ya yi masa bayani da haƙuri? Wa ya koma ya gyara ɓarnar da shi kansa ya jawo? Wa yake nan wata shida a jere, har lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Riƙon manhaja yawancinsa karatu ne da amsa tambaya da jiran mutane, rubuta sabon abu shi ne ƙaramin kaso. Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren kod, a 2005, cikin ƴan watanni ya miƙa wa Junio Hamano, domin tun farko ya ga aikin Hamano, kuma mutumin ya riƙe ta shekara ashirin.

Akwai wani abu namu na gida da ya fi damuna, wato kunya. Mai riƙo dole ya iya mayar da gyara. A nan idan yayanka ko malaminka ya aiko da aiki, nauyi ba ya barinka ka ce bai yi ba, sai ka haɗa, gobe manhaja ta lalace a hannun talaka. Nemi wanda zai iya cewa "Malam, a ƙara duba wannan wurin" cikin ladabi, ya tsaya a kan maganarsa, kuma gobe su sha shayi a fada ɗaya. Mu abin da ya sauƙaƙa mana shi ne doka ɗaya da muka rubuta: babu gyaran da ke shiga sai mutum na biyu ya duba, ko na wanda ya kafa aikin ne. Dokar ce ke ƙi, ba wanda ke jin an raina shi.

Kada gajiya ta sa ku gaggawa. XZ Utils manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowace Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita kusan shi kaɗai. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da gyara a 2021, wasu sunaye kuma suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aiki ya tsaya, a ƙaro mai riƙo. Jia Tan ya samu makulli, ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse cikin kwamfuta, a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono ta. Ku kuna da abin da Collin ba shi da shi: kuna iya sanin unguwar mutum, ko Birni ko Zango, ku san wa ya san shi. Wanda yake nesa kuma, ku yi magana da shi fuska da fuska ko ta bidiyo ne, ku ba shi lokaci.

Batun ƙuri'a, tana da wurinta. Debian, wani nau'in Linux, na zaɓen shugaba kowace shekara, Python ma, harshen rubuta kod, ta koma majalisar mutum biyar bayan wanda ya ƙirƙiro ta, Guido van Rossum, ya sauka a 2018. Amma waɗannan jama'a ce mai yawa, kuma masu jefa ƙuri'ar sai da aka tantance su. Ku bakwai ne. Idan kuka buɗe ƙuri'a ga duk wanda ke zauren, mai yawan abokai zai ci. Ku zauna ku bakwai ku daidaita, ku rubuta abin da kuka yanke inda kowa zai gani.

In ni ne, biyu zan ɗauka cikin biyar ɗin, in fara ba su tantance koke-koke da duba gyara. Bayan wata uku su samu izinin haɗawa. Makullin sa hannu da sabar su zo a ƙarshe, kuma kowane makulli ya kasance a hannun mutum biyu. Ku tambaye su tsakani da Allah ko suna da kwamfutar kansu, wa zai saya musu data, da wanda zai tafi gona in ruwa ya sauka. Ku sa wa'adin shekara ɗaya da za a iya sabuntawa, don wanda hidima ta taso masa ya ajiye a mutunce, kada kunya ta sa ya ɓace kamar yaronmu. Sauran ukun ku kira su ɗaya bayan ɗaya ku yi musu bayani kafin sanarwa, ku ba kowa ɓangaren da zai riƙe, fassara ko gwaji.

Takardar dokokinmu shafi ɗaya ce. In kana so, ka biyo shago bayan La'asar ranar Asabar in ba ka, mu buɗe tarihin aikin naku mu duba tare.