Hoton da na ɗauka daga bayan masaƙa

Jiya muna naɗe dardumar nan ka tambaye ni me ya sa hoton da na rataye a shago babu komai cikinsa sai zaruruwa da yatsun wata tsohuwa, alhali dardumar Farisa, wato Iran, da adonta aka san ta. To, ɗana, zauna ka ji.

A Kashan na ɗauke shi, wani gari a tsakiyar Iran, kan hanyar Kum zuwa Isfahan. Lokacin ban wuce shekarunka ba, na raka maigidana, Allah Ya ji ƙansa, sarin kaya. Dillali ya kai mu wani gida, don a can yawanci mata ne ke saƙa a cikin gidajensu. Masaƙar a tsaye take, zaren auduga a miƙe daga sama har ƙasa, ga takardar zane mai gida-gida a gaban tsohuwar, kowane gida ƙulli ɗaya. Jan launin ulun daga saiwar wata tsiro da suke kira ronas, shuɗi kuwa baba ne, irin wanda ka sani a marinar Ƙofar Mata. Na saki baki ina ta yabon furanni. Tsohuwar ta yi magana, dillali ya ce wai in zagaya baya in duba.

Na raɓa tsakanin masaƙa da bango. Ƙulli ne jere reras kamar ƙwayar gero a zangarniya, babu wanda ya fi ɗan'uwansa. Ta tsakanin zaren da ba a kai ga saƙawa ba nake hango yatsunta suna aiki, duk sun yi kanta. Nan na danna kyamara.

Ƙullin Kashan, ulu yakan naɗe zare ɗaya ya ratsa ƙarƙashin na kusa da shi. Na Tabriz, wani garin na Iran, yakan naɗe duka biyun, da wata wuƙa mai ƙugiya suke ɗaure shi. In layi ya cika a ratsa zaren kwance, a danne da matsefin ƙarfe, a aske da almakashi. Amma akwai wanda suke kira jufti: maimakon zare biyu, sai a kama huɗu da ƙulli ɗaya. Aiki ya ragu da rabi, ulu ma haka. Ta fuska da wuya ka gane tana sabuwa, sai ƙafa ta taka ta wasu shekaru ka ga ta soma sanƙo. Maigidana ya ce abin da tsohuwar ke nufi ke nan: duba da kyau, ban rage maka ko ƙulli ɗaya ba.

Shi ya ba ni labarin dardumar Ardabil da ke gidan tarihi a Landan, mai ɗauke da sunan Maksud mutumin Kashan da shekarar hijira 946. A 2010 kuma UNESCO ta sa saƙar Kashan cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Ita tsohuwar ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Tashi ka ɗauko wadda aka kawo gyara da safe. Kife ta, ka aza abin awo, ka ƙirga mini ƙullin da ke inci ɗaya a tsaye da a kwance, kafin ka zura allura.