Wayar kuloci ta fara tsinkewa: a yi mata dabara ko a canza ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina acaba da Bajaj Boxer a cikin unguwannin Agege. Kwanan nan hannun kulocina ya yi tauri, da na ɗaga robar da ta rufe shi sai na ga sili biyu ko uku na wayar sun tsinke sun miƙe. Wani ya ce in zuba baƙin mai in ci gaba da aiki, wani kuma ya ce a zare ta cikin kawai a zura sabuwa. Wanne zan bi? Kuma zan iya canzawa da kaina?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Ka sayi sabuwar waya cikakkiya, da ta ciki da rigarta, ka canza kafin ka sake ɗaukar fasinja.

Wayar kuloci ƙananan silin ƙarfe ne aka murɗe su kamar igiya. Duk silin da ya tsinke, nauyinsa ya koma kan sauran, shi kuma tsinkakken yana miƙewa yana karce cikin riga, wannan ne taurin da kake ji. Baƙin mai zai sa ta ɗan yi laushi yau, amma ba ya haɗa abin da ya rabu. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da take ƙarasa tsinkewa. Sai an matse ta take tsinkewa, kai kuwa ba ka matsewa sai za ka tsaya ko za ka canza giya. Ka ga ke nan kana shirin tsayawa bayan danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, a cikin gosulo, kuloci ya kama da kansa, babur ya zabura da kai da wanda ka goya.

Shi kuwa zancen zura ta ciki kaɗai, wadda ake ɗaure bakinta da ɗan noti, dabarar kan hanya ce don ka isa gida. Rigar da tsohuwar waya ta karce, ta tara tsatsa da datti, ita za ta cinye sabuwar. Notin ma yakan zame. A Kano ko Sakkwato ƙura ce ke damun waya, a nan Legas ruwa ne. Ruwan Yuni da Yuli, da danshin iskar teku, da wankin da ake fesa wa babur ruwa da ƙarfi, duk suna shiga ta bakin riga su kwanta a inda wayar ta fi yin ƙasa. Daga waje ka ga roba lafiya lau, ciki ya riga ya ci. Ga yawan matsa kuloci a cunkoso, wanda na ƙauye ba ya yin rabinsa.

Za ka iya canzawa da kanka, in kana da sifana mai lamba 10 da 12 da filaya. Sai dai aikin daga shago yake farawa. Ka tafi da tsohuwar, ka shimfiɗa su kusa da juna. Ka duba tsawon riga, ka duba dunƙulen ƙarfen da ke kowane baki, sannan ka ja wayar ciki zuwa gefe ɗaya ka ga ko abin da ya fito waje ya yi daidai da na tsohuwar. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa. In bai yi daidai ba, duk juya notin da za ka yi saiti ba zai zauna ba. Kada mai shago ya ce maka ai ta Jincheng ma tana shiga. Ka zura wayar gaba da baya da yatsa, in ka ji tana kartawa tun tana sabuwa, ka ajiye ka nemi wata. Araha ba ta ado.

Ka kafa babur a kan babban jak, injin a kashe kuma ya huce. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton hanyar da tsohuwar ta bi da wayar salularka, daga kan babur, ta gefen wuyan firam, ta ƙarƙashin tanki har zuwa inji. A wajen hannu, ka ja roba baya, ka sassauta zoben da ke kulle saiti, ka murɗa saitin ciki gaba ɗaya don waya ta saki. Ka sauka wajen inji, ka kwance notuna biyun da suka riƙe riga a mariƙinta, ka tura ɗan ƙarfen da wayar ke ja, bakin zai fita daga maƙalinsa. Daga nan ka koma sama, ka jera tsagar zobe da ta saiti da ta hannu su zama layi ɗaya, ka zaro wayar ta tsagar, dunƙulen ya faɗo ta ƙasa.

Tunda taka a wajen hannu ta tsinke, ka tsaya ka duba wurin sosai. Dunƙulen nan an yi shi ne ya riƙa juyawa a cikin raminsa duk sanda ka matsa. In ramin ya bushe ko ya cika da datti, dunƙule ya cije, sai wayar ce ke lanƙwasa a wuyanta, a matsa a saki, har silin su gaji su karye. Ka goge ramin, ka sa masa ɗan giris, ka kuma girgiza hannun sama da ƙasa. In yana rawa sosai, ko bakin saiti ya ci ya yi kaifi, ka canza su tare, in ba haka ba sabuwar ma a nan za ta mutu.

Sabuwar ta bi sawun tsohuwar daidai. Wasu kan ɗaure bakinta da na tsohuwar su jawo, hakan yana aiki in ba tankin za ka ɗaga ba. Kada ta yi kwana mai kaifi, kada ta kwanta a kan silinda ko salansa, kada ka ɗaure ta tamau a jikin firam. In mai santsin roba a ciki ce, ba ta bukatar baƙin mai. In ta ƙarfe ce zalla, ka tsayar da ita ka ɗiga mai mara kauri har ya fito ta ƙasa.

Saura saiti, kuma nan ne ake ɓata aiki. Babban saiti a notunan wajen inji ake yi, na wajen hannu na ƙarasawa ne, don haka ka bar shi kusan tsakiya. Dole hannu ya samu ɗan wasa kafin ya fara jan waya, milimita 2 zuwa 3 a gindinsa, wato kusan milimita 10 zuwa 20 in ka auna a can bakinsa. Na san da yawa cikin 'yan'uwanmu suna son kuloci a ɗame, wai ya fi saurin amsawa. Wallahi asara ce. Waya in ta ɗame, faletin kuloci ba sa kama juna sosai, sai ka ji inji na kuka babur ba ya ja, musamman da lodi a kan hawa, faletin suna ƙonewa a hankali, kuɗinsu kuma ya ninka na waya. In kuma ta yi sako-sako da yawa, giya za ta riƙa shiga da ƙara, firi ya yi wuyar samu, babur yana jan ciki alhali ka matse hannu.

Bayan ka kulle notuna, ka juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, kana taɓa hannun. In wasan ya ɓace a ɓangare ɗaya, wayar ta maƙale a wani wuri, ka gyara hanyarta. Sannan ka tayar, ka gwada a cikin layi inda babu motoci. Sabuwar waya takan ɗan saki bayan kwana biyu na aiki, sai ka ƙara mata a saitin sama. In duk ka yi wannan hannun bai daina tauri ba, matsalar ta wuce waya, ka kai wa bakanike ya duba ƙarfen da ke shiga cikin inji da faletin.