Kalmominmu: "Kama iska" ko "zuƙe iska"?

Wata malamar kimiyya daga Kumo ta rubuto: "Malam, zan koya wa ɗalibai yadda ake kama hayaƙin masana'antu da ruwan sinadari. Daidai na faɗa?"

Malama, a fara ajiye "hayaƙi". Hayaƙi ido na ganinsa, har ya sa hawaye. Iskar kabon da kike nufi ba ta da launi. Ita muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ke tashi in an ƙona dutsen farar ƙasa a masana'antar siminti irin ta Ashaka. Wasu masu fassarar labarai komai suka gani sai su ce "hayaƙi mai guba", har sun haɗa ta da wadda ke kashe wanda ya kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Waccan daban take.

"Kamawa" kuwa ɓarawo ake yi wa. Kina cewa "an kama iska", yara za su zaci zancen bori ne. "Shan iska" yawon maraice ne. "Tacewa" aikin rariya ne, ita kuwa tare abu take yi, ba ta haɗiyewa. Ni "zuƙewa" na zaɓa, don haka ruwan yake yi. Wanda aka saba da shi, wato ruwan sinadarin da ake kira "amine" a Turance, yakan zuƙe iskar, sai a dafa shi zuwa wajen digiri 120 a ma'aunin Salshiyas ya amayar da ita, a tura ta ƙarƙashin ƙasa. Tun 1996 ƙasar Nowe ke yin haka a Sleipner, wani wurin haƙar gas a cikin teku. Dafawar ce ke cin makamashi, shi ya sa masana ke neman sabon ruwan da zai sake ta da ɗan zafi kaɗan.

Ga abin da zai ja hankalin yaranki: akwai tsohuwar hanyar da ke aiki da sinadarin da ke cikin ruwan toka, wannan dai da iyayenmu mata ke tsiyayewa su sa a miya. Ki fara darasin daga nan.

Wani daga Azare na neman ma'anar "iska na wahalar da mai kayan kara". Malam, ana faɗa wa mai wahala a kan abin da ba zai samu ba. Ɗauki damin kara ranar iska ka gani.

Wani ɗalibi a Bauchi ya ce: "iskar" ne ko "iskan"? A rubutu "iskar". A zauren gidanku faɗi "iskan" abinka, karin harshen garinku ne.